Kayan da Kwastam Ta Kama Kan Zargin Jabu: Wanne Ake Karɓowa, Wanne Ya Tafi Ke Nan?

A Kwanar Dangora hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe Zariya da Kaduna har Legas, ɗaya ta karya ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore a ƙasar Doguwa ta nufi Saminaka da Jos. Mafi yawan kwantenonin da ake saukewa a Apapa da Tin Can a ɗoro wa mota zuwa Kano, ta ƙasar Ƙiru da Bebeji suke wucewa kafin su shiga birni. Bayan 'yan kwanaki kuma kayan cikinsu su juyo ta wannan titin, dila-dila, katan-katan: atamfa da shadda daga Kantin Kwari, maganin feshi da injin ban ruwa daga Sabon Gari, caja da batirin waya, kayan gyaran babur, littattafan makaranta. Su ne ke cika shagunan Tiga da Kofa da Kafin Maiyaƙi da Tudun Wada da Riruwai.

Saboda haka maganar kamen kwastam ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, ko da yake ya yi nisa da kan iyaka. Abin da ya zauna a zukatan 'yan kasuwa shi ne, in dai kwastam ce ta kama, magana ce ta kuɗi: a biya fito, a ƙara tara, a saki kaya. Wannan fahimta tana da gaskiya a wani nau'in kame. A wani nau'in kuwa, wato kayan da aka kama saboda suna ɗauke da tambarin wani ko an kwafi aikin wani ba da izininsa ba, tana jefa mai kaya cikin asara biyu: ya rasa kayan, ya kuma rasa kuɗin da ya zuba wa 'yan "bari in yi maka hanya".

Inda ruɗanin ya samo tushe

A watan Mayun 2015, zamanin shugabancin Abdullahi Dikko Inde, Hukumar Kwastam ta rufe sito 75 a Kano cike da yadin da aka shigo da shi daga waje, wanda ta ƙiyasta kuɗinsa a kan Naira biliyan 315. Kantin Kwari ta girgiza, har 'yan sari na ƙauyuka suka ji a jikinsu. Daga baya aka cire yadi daga jerin kayan da aka hana shigowa da su, aka buɗe ƙofar biyan fito a karɓi kaya. Wanda duk ya ga wannan da idonsa ba za a ga laifinsa ba in ya ɗauka kowane kame haka yake ƙarewa.

Sai dai laifin da aka tuhumi kayan 2015 da shi, tsakanin ɗan kasuwa ne da gwamnati: an shigo da abin da aka hana, ba a biya abin da ya kamata ba. Gwamnati ce mai haƙƙi, ita ke da ikon sassautawa. A kamen jabu akwai mutum na uku, wato mai tambarin ko mai littafin, kuma jami'in kwastam ba shi da hurumin yafe haƙƙin da ba nasa ba. Bugu da ƙari, kayan jabu da na satar fasaha suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su kwata-kwata, jeri ɗaya da kuɗin jabu. Abin da ke cikin wannan jeri ba shi da kuɗin fito balle a biya.

Kalmomin da ya kamata a bambance

Kwastam dai ita ce hukumar da ke kula da shige da ficen kaya da karɓar kuɗin fito, wato harajin da ake biya a kan kayan waje. Fasa-ƙwauri shi ne shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya ko ɓoye gaskiyarsu don kauce wa fito. Kaya na iya zama na fasa-ƙwauri alhali gangariya ne, kamar yadda za su iya biyan fito cif-cif alhali jabu ne.

Tambari, ko alamar kasuwanci, shi ne suna ko zane ko hoton da ke shaida wa mai saye cewa wannan kaya daga wane kamfani ya fito. Mace ta buɗe turmin atamfa ta duba bakinsa, inda aka buga suna da lambar zane, tambari take nema. Haka manomin Doguwa da ke juya galan ɗin maganin ciyawa yana duba hatimin murfi. Dokar tambari ta 1965 ce ke aiki a Najeriya har yau, da 'yan gyare-gyare. Ana yin rajista a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, sabuntawa kuma shekara 14.

Haƙƙin mawallafi kuwa ya shafi aikin ƙwaƙwalwa: littafi, waƙa, fim, zane, manhajar kwamfuta. Shi ba ya buƙatar rajista kafin ya tabbata, kuma a littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka Magana Jari Ce na cikin kariya har ƙarshen 2051. Wanda ya kai shi wata maɗaba'a a Sin ko Indiya ya bugo ba da izini ba, kayan satar fasaha ya shigo da su. Littattafai irin su Risala da Ahalari marubutansu sun rasu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kowa na iya buga asalin nassinsu. Amma fassara ko sharhin da wani malami na wannan zamani ya yi musu, haƙƙinsa ne shi da magadansa.

Jabu a idon doka ya fi ƙunci a kan yadda ake faɗarsa a kasuwa. A kasuwa duk abin da ba shi da ƙwari jabu ne. A doka, jabu shi ne wanda aka manna masa tambarin wani, ko mai kama da shi ƙwarai, ba da yardar mai shi ba. Shaddar da aka saƙa a Sin aka sa mata sunanta na kanta, komai rashin kyanta, ba ta keta haƙƙin kowa ba. Ranar da aka buga mata sunan Getzner na ƙasar Ostiriya, ko aka buga wa atamfa sunan Vlisco na Holan, ranar ta zama jabu, ko da kuwa ta fi ta asalin sheƙi.

Abin da doka ta tanada

Shekarar 2023 ta zo da sauyi biyu. A watan Maris shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mawallafi, wadda ta maye gurbin ta 1988. A watan Afrilu ya sa hannu a sabuwar dokar Hukumar Kwastam, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun ƙarshen mulkin Turawa. A ƙarƙashin dokar mawallafi, mai haƙƙi na iya rubuta wa Hukumar Kare Haƙƙin Mawallafa ta Ƙasa, ita kuma ta sanar da kwastam a tare kwafin aikinsa na sata a mashiga. Akwai kuma tsohuwar dokar alamomin kaya, wadda ta hana shigo da kaya masu tambarin ƙarya ko bayanin ƙarya. Magani da abinci da maganin feshi suna ƙarƙashin hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, sauran kayan masana'anta kuma ƙarƙashin hukumar kula da ingancin kaya, SON. Sau da yawa kwastam ke kamawa, ta miƙa wa ɗaya daga cikinsu.

Sama da waɗannan akwai yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wadda Najeriya ke cikinta tun 1 ga Janairun 1995. Mutane sun fi saninta da kare manyan kamfanoni, amma sashenta na kan iyaka ya tanadar wa mai shigo da kaya kariya mai yawa. Ta ce a sanar da shi da gaggawa in an tsare kayansa. Ta ce mai ƙorafi ya kawo hujja, kuma ana iya sa shi ya ajiye jingina. Ta ce in kwana 10 na aiki suka wuce mai ƙorafi bai shigar da ƙara ba, a saki kayan, sai dai in an ƙara masa wasu 10. Ta ba mai kaya damar a duba masa kayan kamar yadda aka ba mai ƙorafi, ta kuma ce a biya shi diyya in an tsare masa kaya ba bisa ƙa'ida ba. Lauyan da ya san aikinsa zai jingina da waɗannan a wasiƙarsa, ko da yake kotu da dokokin cikin gida take hukunci.

Matakai uku ne kaya ke bi, kuma rashin bambance su shi ne ya fi cutar da mutane. Na farko tsarewa: an riƙe kaya ana bincike, har yanzu na mai su ne. Na biyu kamawa a hukumance: an rubuta cewa kayan sun cancanci a ƙwace. Na uku mallake su ga gwamnati, ko ta hukuncin kotu ko don mai kayan bai yi jayayya cikin wa'adi ba. Ƙofa a buɗe take sosai a mataki na farko, ta rage faɗi a na biyu. A na uku sai ɗaukaka ƙara, in akwai hujjarta.

Hanyar karɓo kaya

Abu na farko takarda. A misali, a ce an tare motar wani ɗan kasuwar Tudun Wada a kan titin Zariya da katan 40 na injin ban ruwa masu sunan wani sanannen kamfanin Japan. Kafin komai ya nemi a ba shi takardar tsarewa ko ta kamawa, mai ɗauke da kwanan wata, da adadin kaya, da dalilin kamen, da sunan rundunar da ta kama. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin rundunar Kano da Jigawa daban take da rundunar sintiri ta shiyya mai hedikwata a Kaduna, kuma mutum na iya shafe mako biyu yana zarya a ofishin da kayansa ba su taɓa shiga ba. Hukumar ta sha bayyana cewa shingayenta na dindindin ba sa wuce kilomita 40 daga kan iyaka, amma tana da ikon sintiri da binciken sito a ko'ina bisa bayanan sirri. Don haka cewa "ai nan ba boda ba ce" ba ta fitar da kaya.

Na biyu, ya yi jayayya a rubuce, kuma da wuri. Tsohuwar dokar kwastam wata ɗaya tak ta ba mai kaya daga ranar sanarwar kame ya rubuta cewa kayansa ba su cancanci ƙwacewa ba. In ya yi shiru a ɗauka ya sallama. Mai hankali ya riƙe wannan wata ɗaya a matsayin iyaka, ya kuma karanta wa'adin da ke jikin takardarsa da kyau. Akwai kuma dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta taƙaita shigar da ƙara a kansu zuwa wata uku. A nan ne ɗabi'armu ta neman manya su sa baki take cin mutane. Ana zuwa wajen ɗan majalisa, ana jiran hakimi ya yi waya, kwanaki na tafiya. Neman alfarma ba ya tsayar da wa'adi. A yi shi in ana so, amma wasiƙa ta riga shi isa, a kuma karɓo kwafinta da hatimin ofis.

Na uku hujja, kuma nauyinta a wuyan mai kaya yake. Takardun shigowa, wato Fom M, da takardar ƙiyasin fito da ake kira PAAR, da takardar jirgi, da rasidin banki, da shaidar SONCAP ta hukumar SON ko lambar NAFDAC, duk suna nuna kaya sun shigo ta ƙofa. Ba su nuna tambarin halal ne ba. Abin da ke nuna wannan shi ne rasidi daga kamfanin ko dilansa na hukuma, ko wasiƙar izini, ko lambobin jikin kaya da kamfanin zai duba ya ce nasa ne. In mai tambari ya rubuto cewa kayan nasa ne, ko ya janye ƙorafi, mafi yawan aiki ya ƙare.

Akwai wasu hujjojin da ba a cika lura da su ba. Tambari ɗan ƙasa ne: rajistar da aka yi a Sin ko Dubai ba ta aiki a Najeriya. Wannan takobi ne mai kaifi biyu. Mai kaya na iya nuna cewa mai ƙorafin ba shi da rajista a nan, ko ta ƙare bai sabunta ba, ko a wani rukunin kaya daban ya yi ta. Amma kuma ɗan Kwari da ya je birnin Guanzu na ƙasar Sin aka buga masa atamfa da sunan da ya ƙirƙira da kansa, bai yi rajista a Abuja ba, zai iya wayar gari wani ya riga shi, kayansa na halal su zama abin tuhuma. Sannan akwai kayan asali da aka sayo a wata ƙasa ba ta hannun dilan Najeriya ba. Dilan zai ji haushi, amma kayan ba jabu ba ne, kuma TRIPS ba ta wajabta tare su ba. Sai dai in magani ne ko abinci, rashin rajistar NAFDAC kaɗai ya isa a riƙe su. Haka 'yar tsarabar da matafiyi ya ɗauko a jakarsa ba don sayarwa ba, yarjejeniyar ta yarda a ɗauke mata kai.

In duk wannan bai yi ba, sai kotu. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya keɓe shari'ar kwastam da ta tambari da ta haƙƙin mawallafi ga Babbar Kotun Tarayya. Kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci da ke Bebeji ko Tudun Wada ba ta da hurumin umartar kwastam ta saki kaya. Kano za a shiga. Kafin a shiga kuwa a yi lissafi, domin kuɗin lauya da na ajiya da na jinkirin kwantena suna iya haura kuɗin kayan, maganin feshi kuma yana da ranar lalacewa, damina ba ta jiran hukunci.

Kuskuren kame yana faruwa, har a ƙasashen da suka fi mu tsari. A watan Nuwamban 2008 kwastam ɗin Holan ta tsare kilo 49 na maganin abacavir mai rage kaifin cutar ƙanjamau a filin jirgin Amsterdam. Kamfanin Aurobindo na Indiya ne ya yi shi, hukumar UNITAID ta biya, Najeriya za a kawo shi. Maganin halal ne, amma sai a watan Maris na 2009 aka sake shi, bayan hukumomin lafiya sun ɗaga murya. Irin wannan kame ya sa Indiya da Barazil suka kai Tarayyar Turai ƙara gaban Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a 2010.

Kayan da ba sa dawowa

In ta tabbata jabu ne, gaskiyar da ejan mai aikin fito da kaya ba zai so ya faɗa wa mai kaya ba ita ce: sun tafi. Roƙon da aka fi yi, "a bari in cire tambarin in sayar da shi haka", TRIPS ta ce cire tambari kawai bai isa a sake kaya cikin kasuwa ba sai a yanayi na musamman, saboda manna wani sabo aikin dare ɗaya ne. Ta kuma hana a mayar da su waje yadda suke. Gwanjon kwastam na kayan fasa-ƙwauri ne da waɗanda aka yi watsi da su a tasha. Ƙa'idar jabu lalatawa ce. Mai kayan ma ya yi hattara, domin shigo da jabu laifi ne da ake gurfanar da mutum a kai, musamman magani. Cewa "kayan wucewa ne zuwa Maraɗi" tana aiki ne kawai in akwai takardun wucewa na gaske, kuma a can ma akwai kariya, tunda Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai rajistar tambari ɗaya ga ƙasashenta.

Saɓanin ra'ayi

Masu goyon bayan tsanantawa suna da hujja mai nauyi. A annobar sanƙarau ta 1995 a Nijar, an yi wa fiye da mutum 50,000 allurar rigakafin jabu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum 2,500 da hakan. Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta cinikin jabu tsakanin ƙasashe a 2019 a kan dala biliyan 464. A gida kuma ana tuna masaƙun Kaduna da Kano da suka mutu, waɗanda kwafin zanensu mai arha ya taimaka wajen durƙusar da su, tare da rashin wuta da tsadar jari. Manomin shinkafa a Tudun Wada da ya fesa ruwan banza a gonarsa, bai gane ba sai ciyawa ta rufe shuka, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

'Yan kasuwa kuma suna cewa talaka ya san abin da yake saye. Uwar amarya da ta sa kwafin Holan a lefe ba a yaudare ta ba, abin da aljihunta ya iya ke nan. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma bai dace a auna turmin atamfa da kwalbar allura a sikeli ɗaya ba wajen tsanani. Amma hujjar tana raunana da zarar kaya sun bar hannun wanda ya sani. A Kwari ana faɗa wa ɗan sari "wannan kwafi ne", a kasuwar ƙauye kuwa sau da yawa da sunan asali ake sayar da shi.

Ta fuskar addini, an sami malaman da suka ce ilimi ba a mallakarsa, don haka ba a hana buga littafi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamban 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Manna sunan wani a kan kayan da ba nasa ba kuwa algus ne, kuma babu saɓani a kan haramcinsa.

Ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne na inda ake kamen. Kwantenar jabu ta wuce Apapa, ko ta sauka a tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a watan Janairun 2023, ta samu hatimi, sannan a zo a tare ƙaramin ɗan sari da katan biyar a hanyar Tiga. Shi bai san Guanzu ba, bai taɓa ganin Fom M ba. Doka ba ta wanke kayan don mai su bai sani ba, amma adalci ya ce a bi sawu zuwa ga wanda ya shigo da su.

Wanda ke ƙarshen layi

Ga irin wannan ɗan kasuwa, abin da ya fi yiwuwa ya karɓo kuɗinsa ne daga wanda ya sayar masa. A nan kotun shari'ar Musulunci da shugabannin kasuwa suna da hurumi, domin fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye zaɓin mayar da ciniki saboda aibin da aka ɓoye masa. Amma sai da shaida. Cinikin amana da baki, wanda aka gina kasuwancin Kano a kansa, ba ya barin abin da za a nuna wa alƙali. Rasidi mai sunan shago, da sunan kaya kamar yadda yake a jikinsu, da kalmar "asali" in da sunan asali aka sayar, shi ne zai raba gardama.

Alamu sun nuna kamen irin wannan ƙaruwa zai yi, tunda sababbin dokoki sun ƙarfafa hannun masu haƙƙi, kuma tasoshin tsandauri sun matso da aikin kwastam kusa da gida. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su haɗa kuɗi su riƙe lauya ɗaya da ya san dokar kwastam, su wajabta wa mambobinsu karɓar rasidi, masu buga kaya da sunansu kuma su yi rajista kafin su yi oda. Makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda a cikin Bebeji take, ba za a ce yankin ya yi nisa da masana doka ba. Ita kuma Hukumar Kwastam, muna kira gare ta da kada jami'inta ya ɗauki kayan kowa ba tare da ba shi takarda ba, kuma ta buga dalilin kame da wa'adin jayayya da ofishin da za a kai ta da Hausa a bayan takardar.